Suna Na Takwas

Ranar Alhamis bayan la'asar, Mushe Zaidu, kamar yadda ake ce wa malamin boko a ƙasar nan, ya fito da tantuna biyu ƙofar gida ya hau ɗaure su a bayan babur. Saura kwana tara a yi hutu, kuma ranar da aka yi hutun zai kwashi ɗalibai takwas na kwalejin Filinge zuwa gandun namun daji na W, can kudu da Yamai, su kwana uku a tanti su ga giwa da idonsu. Shekara biyu yana bin wannan tafiya. Ya rubuta takardu, ya lallashi darakta, ya zaga gidajen iyaye ɗaya bayan ɗaya yana rantsuwa cewa zaki ba ya cin ɗan lakwal, wato ɗan makaranta. Daga ƙarshe wani ofishi ya ba shi aron tantuna, a ƙudundune cikin buhu, ba ko takardar bayani.

To Zaidu malamin ilimin halittu ne. Zai lissafa maka ƙasusuwan kwaɗo ido rufe, amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kafa tanti ba. Shi ya sa zai je wurin tsoho Manzo, wanda ya yi shekara ashirin yana bin sawun namun daji a wannan gandu kafin ya dawo gida nan ƙasar Kurfai ya kama garka a gindin dutse, bakin kwarin Dallol.

Ƴarsa ce ta riƙe masa bakin igiya. Shekararta goma sha huɗu, ita ce ta takwas a jerin masu tafiya. Sunanta Halima, kuma ni na faɗa muku, don daga bakin ubanta ba za ku ji ba. Ita ce ƴar fari, ga shi kuma sunan mahaifiyarsa marigayiya ta ci, kunya biyu ke nan a kan suna guda. Sau ɗaya tak ya taɓa furta shi, ranar da ya raɗa mata a kunne tana jaririya. A gida Ummi yake ce mata. A aji kuwa, in yana kiran suna ya iso layinta, sai ya ɗaga ido ya ce "ke can", ya sa alama ya wuce. Ƴan ajin ba su da tausayi, tuni suka laƙaba mata Ke-can.

"Baba," ta ce, idonta na kan igiya, "in mun tahi can, kana kiran suna kamar na aji?"

"Sahe da marece. Daji na, ba wasa ba."

"To ka kira nawa. Sau ɗai. Can babu kakanni, babu mai jin ka sai mu."

Ya yi dariya, amma da ya dube ta sai ya ga ba dariya a fuskarta. Abin ya daɗe yana cin yarinyar bai sani ba.

"Na yi alkawali," in ji shi.

"Ka hwaɗa hwa."

"Na hwaɗa, Ummi."

Ya tayar da babur ya fita gari. Zafin bazara bai sauka ba tukuna, iska na bugun fuska kamar an buɗe tanda. Ya wuce masu kora shanu gida, ya wuce matan da ke dawowa da itace, har hanya ta zama rairayi zalla. Dutsen ya taso a gabansa, dogo, ja, da ramukan da tantabarun daji ke kwana.

Garkar Manzo ba ta da maƙwabta. Rijiya ce a can ƙarshe bayan itatuwan goriba, sai fangalin albasa da tumatir, sai wani fili mai rairayi ƙarƙashin babban gawo. Tsohon ya zazzage buhunan ya dubi turaku da sanduna, ya yi tsaki.

"Waɗanga da kag gani, Mushe, ko macce mai goyo ta kahwa su. Kai dai boko ya cinye maka hannuwa."

Ya nuna masa yadda ake shimfiɗa, yadda ake zura sanda, yadda ake karkata turke ya juya wa tanti baya don kada iska ta tumɓuke shi. Ya kuma ba shi karatun daji kyauta: a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada a kwana da abinci cikin tanti, kada a kafa kan hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Zaidu na rubutawa a ɗan littafinsa da lamba da lamba, kamar mai shirin jarrabawa. Kafin su gama na farko rana ta yi ja.

Manzo ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya miƙa masa guduma.

"Ƙarasa na biyu. Ni za ni rijiya in rufe ban ruwa in yi alwala. In kana biɗata, buga guduma bisa turke sau ukku. Kak ka kira ni."

"Don mi, Baba Manzo?"

"Haka muka yi can. Rana in ta yi ja, ba a kiran mutum da suna cikin daji. Icce aka bugawa."

Zaidu ya gyaɗa kai. A ransa ya ce don kada a firgita giwaye ne, dabara mai kyau, ya rubuta ta lamba ta shida. Ko a mafarki bai kawo cewa dokar ta shafi garkar albasa mai nisan kilomita bakwai daga gidansa ba.

Ya kafa na biyu shi kaɗai, ya ɗan karkace amma ya tsaya. Ya ja baya yana kallon aikinsa da alfahari. Na dama na maza huɗu, na hagu na mata huɗu. Ya zaro takardar sunaye daga aljihu don ya ga yadda zai raba kwana, sai idonsa ya faɗa layin ƙarshe.

Alkawarin ya dawo masa. Ta yaya bakin da ya yi shekara goma sha huɗu a kulle zai buɗe rana ɗaya a gaban yara? Ai sai ya sarƙe ya ba da kunya. Ya waiga dama da hagu. Ba kowa. Manzo na can bayan goriba, ƙarar gugarsa ma da ƙyar take isowa. Nan ne wurin gwaji, in ji zuciyarsa. Amma ba zai iya farawa da nata ba, sai ya taho da gudu tun daga sama, yadda mai tsallake rami ke ja da baya. Ya gyara tsayuwa gaban tantunan, ya yi gyaran murya irin ta aji.

"Ibrah Bubakar."

Kurciya ta yi kuka kan gawo. Daga can wajen dutsen, siririyar murya ta amsa da amsar ƴan lakwal, mai nufin ga ni nan.

"Perezan, Mushe."

Zaidu ya yi murmushi. Shekara goma sha bakwai yana kiran suna, kunnensa ya saba har ya fara ba kansa amsa. Ya ci gaba.

"Fahad Umar."

"Perezan, Mushe."

Wannan karon ya fi kusa, daga bayan shingen ƙaya. Ya sauke takardar ya leƙa. Shaƙiyyan yara, in ji shi, sun biyo ni a ƙafa don su yi mini dariya. Bari in tono su ɗaya ɗaya, gobe kowa ya sha sharar fili.

"Naziru Sadiƙ."

"Perezan, Mushe."

Muryar Naziru ce, har da murar da ya zo da ita aji da safe. Ya kira na huɗu, aka amsa daga gindin gawo, inda idonsa ke kallo, inda ba kowa. Amma taurin kan malami ya hana shi tsayawa. Ya juya ga layin mata.

"Habsa Bubakar."

"Perezan, Mushe."

Habsa ba ta gari. Tun jiya uwarta ta tafi da ita Damana gaisuwar rasuwa, shi da hannunsa ya sa mata izini.

Gyare ya daina kuka. Kurciyar ma ta yi shiru. Gugar Manzo da yake ji ɗazu ta ɗauke kamar an toshe masa kunne da auduga. Sai wani ƙamshi ya taso, ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, a watan da sama ta yi wata shida ba ta zubo ko ɗigo ba.

Ya dubi tantin maza. Ɗazu a saɓule yake. Yanzu gefensa ya kumburo wuri huɗu, kamar bayan mutanen da suka zauna suka jingina.

Ya ce wa kansa ya isa. Ya ce wa bakinsa ya rufe. Bakin bai ji ba. Harshen da ya saba bin layi ya bi layi, muryarsa ta fita ita kaɗai, a natse, kamar safiyar Litinin.

"Samiratu Ibrah."

"Perezan, Mushe."

Wani abu ya wuce ta gefensa. Bai gan shi ba, sanyinsa kawai ya ji a gwiwar hannu. Rairayi ya lotsa, sawu bayan sawu, har ƙofar tantin hagu.

"Nasiba Umar."

"Perezan, Mushe."

Idonsa ya sauka layi na takwas. Iska ta cika masa ƙirji. Leɓɓansa suka buɗe.

Suka tsaya.

Ba ƙarfin hali ba ne, kada ku ba shi yabon da bai ci ba. Sabo ne ya ja shi har nan, wani sabon kuma ya tare shi. Inda harshensa ya saba cijewa kullum, nan ya cije.

Ƙofar tantin mata a buɗe take. Inuwa uku na zaune ciki a jere, sun naɗe ƙafa, sun bar gurbi ɗaya a gefe.

Sai ya ga ta takwas.

Tana tsaye gindin gawo, tsawon yarinya, da ɗan hijabi har gwiwa. Inda fuska ya kamata ta kasance sumul yake, kamar bayan ƙwarya.

"Baba."

Muryar Ummi ce. Ba kama ba, ita ce.

"Baba, kowa ka kira. Ni ɗai ka bari."

Ya durƙusa. Hannunsa ya faɗa kan guduma. Ya lalubi turke ya buga. Ɗaya. Biyu. Uku. Ƙarar ta fita a dakushe, kamar daga cikin rijiya.

"Ka yi alkawali, Baba. Sau ɗai."

Ta matso taku guda.

Bai ji zuwan Manzo ba, hannu kawai ya ji a kafaɗarsa, jiƙe da ruwan alwala. Tsohon bai dubi tantunan ba. Ya tsuguna ya ba su baya, ya kawo bakinsa kunnen Zaidu.

"Nawa kak kira?"

"Bakwai."

"Wa ar rage?"

"Ɗiyata."

Hannun da ke kafaɗarsa ya matse har ya ji zafi.

"Saurara da kyau, Mushe. Ɗiyan mutane ana karɓo su, don ba kai kas sa musu suna ba, aro kab bada. Taka kau, kai kar raɗa shi. In ya hita bakinka kyauta ta, ba a maido ta."

"Mu gudu."

"Ba su barin gurbi wohi. Suna bin ka gida su zamna bakin gadonka, hal randa kaf hwaɗe shi cikin kwana."

"To mi za ni yi?"

Manzo ya sunkuyar da kai ya kama Ayatul Kursiyyu.

Abin ya ƙara matsowa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci har ya zama wari. Daga cikin tantuna biyu aka fara ɗan motsi, irin na ajin da ya gaji da jira.

"Kunyata kaka ji, Baba? Ni ba ɗiyarka ba ta?"

Kuka take yi. Irin kukan Ummi, mai shessheka a hankali don kada a ji.

Sunan ya taso masa daga ciki. Ya ji shi a maƙogwaro, da ɗumi, da daɗi, sunan uwarsa, sunan ƴarsa. Bai taɓa son faɗin wata kalma kamar yadda ya so faɗin wannan ba.

Ya ciji harshensa. Gishirin jini ya cika masa baki.

Gurbi ɗaya ne. Suna ɗaya ake jira, kuma dole ya zama abin da yake nasa.

Ya ɗaga takardar, ko da yake duhu ya hana ganin rubutu. Ya yi gyaran murya.

"Zaidu Ummaru."

Kukan ya tsaya cak.

Abin ya miƙe. Ya yi ta tsawo, hijabin na zamewa, har kafaɗarsa ta kai ta mutum. A sumul ɗin nan hanci ya fito, sai gemu mai ɗan furfura, sai tabon da ƙaho ya yi wa Zaidu a goshi yana yaro.

"Perezan," in ji shi, da muryar Zaidu.

Ya sunkuya ya shiga tanti. Aka ja zip a hankali, tun daga sama har ƙasa.

"Tashi," Manzo ya raɗa. "Kak ka tada babur, tura shi. Kak ka waiga."

Suka tura cikin rairayi, tsoho a gefe guda, malami a gefe guda, numfashi na fita da ƙyar. Sun kai bakin shinge sai suka ji an yi gyaran murya a bayansu. Muryar Zaidu ta fara kiran suna tun daga sama, ana amsawa. Ibrah. Fahad. Naziru. Ta bi layi har Nasiba.

Ta yi shiru.

Ta koma sama ta sake farawa.

Sai da suka ga fitilun gari kuma suka ji kiran isha'i, sannan Manzo ya saki babur ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana haki kafin ya yi magana.

"Ka ji? Ya ɗauki sunanka, ya ɗauki kunyarka tare. Shi ma ba ya iya hwaɗi. Amma kunne nai na nan wajenka. Ko rana tsaka, ko cikin masallaci, kak ka kuskura." Ya share fuska da hular kansa. "Kuma kak ka gaya mata. Wanda yas san ana jiran shi, saurare shikai, mai saurare kau wata rana shina amsawa."

Da Zaidu ya shiga gida ya tarar da Ummi a tsakar gida tana tankaɗe wa uwarta Mairo gari, lafiyarta lau. Ta ɗago da fara'a ta tambaye shi ko tantin ya tsaya. Ya ce ya tsaya. Ya wuce ɗaki ya rufe ƙofa ya yi kukan da rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa.

A daren nan zazzaɓi ya kwantar da yara bakwai, har da Habsa can Damana. Kowannensu abu ɗaya yake sambatu, wai yana zaune cikin ɗakin ƙyalle an hana shi fita. Da hantsin Juma'a Manzo ya tara iyayensu maza, tare da liman, suka tafi garkar. Tantunan na tsaye, ba kowa ciki, sai gurbin zama takwas a rairayi. Kowane uba ya tsaya ƙofar tanti ya kira ɗansa, ya juya ya kama hanyar gari yana kira yana tafiya, bai fasa ba har ƙofar ɗakin da yaron ke kwance. Uban Habsa sai da ya kai Damana. Kafin mako ya zagayo duka bakwai sun miƙe.

Zaidu ma ya bi su, ya tsaya daga gefe. Uban da zai kira shi ya yi shekara goma a ƙasa.

Tafiya dai ta rushe. Mutane suka ce zazzaɓin ne, shi kuma bai gyara musu ba. Ofishin da ya ba da aron tantuna ya yi faɗansa ya gaji. Manzo ya bar garkar da albasarta ya koma wani wuri kusa da gari. Makiyayan da ke ratsa gindin dutsen da marece suka fara canza hanya, wai akwai lakwal a wurin, ana kiran yara bakwai sai a yi shiru.

Tun daga ranar Zaidu bai sake jin sunansa ba. Ka ce Mushe, zai juyo. Ka ce Baba, zai amsa. Amma ka tsaya gabansa ka ce Zaidu sau goma, sai dai ya ga bakinka na motsi. Likita ya duba kunnuwan ya ce ƙalau suke. A aji ya daina kiran suna, da ido yake ƙirga kawuna. Da rana ta yi ja kuma sai ya shige ɗaki ya kunna rediyo da ƙarfi.

Ummi ta jira. Ta jira ranar da ta ci jarrabawar kwaleji, ta jira ranar da ta zo ta ɗaya a lise, makarantar gaba da kwaleji. Ba ta sake roƙo ba, amma yana ganin jiran a idonta, kuma yana ganin yadda jiran ke komawa wani abu mai sanyi. Wannan ya fi masa ciwo fiye da sunansa da ya rasa.

Bayan shekara biyar ta sami jami'a a Yamai. Ya raka ta tasha da sassafe, ya sa aka ɗaure jakarta a saman mota, ya samo mata wurin taga. Direba ya tayar da inji. Ta leƙo kai, ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

"Baba, giwar dai ban gane ta ba. Sunan ma ban ji shi ba."

Safiya ce, rana tas, tasha cike da mutane. Masu shayi na kira, ƴan kamasho na ihu. Zuciyarsa ta ce shekara biyar ai an manta, ta ce yarinyar nan za ta tafi da wannan miki har inda za ta. Ya kama ƙarfen taga. Ya ja numfashi. Leɓɓansa suka buɗe.

Hayaniyar tasha ta yi nisa, kamar an toshe masa kunne da auduga. Ta cikin hayaƙin mota da ƙaurin ƙosai, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso a hankali ya tsaya bayan kafaɗarsa.

"Allah shi kiyaye hanya, Ummi," ya ce.

Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta mayar da kai ciki ta juya fuskarta. Motar ta ja. Ya tsaya yana kallo har ta ɓace a hanyar Yamai, ko sau ɗaya ba ta waigo ba.

Ta tafi da fushinsa, amma ta tafi da ƙafarta, kuma sunanta na tare da ita.